Dutsen Erjiyes da shekarar da na rasa mahaifina

A Tudun Wada ta Kaduna aka haife ni, kuma ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, shi ke kula da injinan saƙa, tun ina yaro na saba da warin baƙin mai a jikin kayansa. A 2002, ina firamare, masaƙarsu ta tsaya. Duk wanda ya zauna a Kaduna a wancan lokaci ya san abin da mutuwar masaƙun nan ta yi wa gidaje. Magidanta da suka saba fita da asuba suka koma zaman dakali, masu sayar da abinci a bakin get suka watse. Baba bai zauna ba. Ya kama 'yar rumfa a Kasuwar Barci yana sayar da yadi, amma zuciyarsa ba ta taɓa barin inji ba. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ga ɗansa ya zama injiniya, mai zana injin da kansa, ba mai goge masa ƙura ba.

Da na gama sakandare na samu gurbi a wata jami'a mai zaman kanta a birnin Kayseri na ƙasar Turkiyya, tare da ragin kuɗin makaranta. Ragowar kuɗin Baba ya sayar da filinsa na gado ya biya. A 2013 na tafi. Umma ba ta kiran sunana saboda alkunyar ɗan fari, ranar tafiya ma abin da ta ce kawai shi ne, "Kai, ka riƙe salla, ka kuma ji tsoron Allah a inda ba mai ganinka."

Kayseri gari ne a tsakiyar Turkiyya, a kan tudu, kuma ko ta ina ka ɗaga kai kudu za ka ga Erjiyes, tsohon dutse mai aman wuta wanda ya daɗe da yin shiru, tsayinsa ya haura mita 3,900. Daga Disamba zuwa wajen Afrilu fari fat yake da dusar ƙanƙara. Ina ganinsa ta taga kullum, ina jin ɗalibai na cewa sun hau wasan zamiya, amma ban taɓa tunanin zuwa ba. A ganina harkar 'ya'yan masu kuɗi ce, ni kuwa filin gado aka sayar aka turo ni.

Shekarar 2016 ta zo mana da abu biyu a jere. A watan Yuni aka saki darajar naira, dalar da ake samu a kan 197 a hukumance ta koma wajen 280 cikin kwana ɗaya, a kasuwar bayan fage kuma ta yi ta hawa har ta wuce 500 a farkon shekarar da ta biyo. Sai kuma daren 15 ga Yuli, da aka yi yunƙurin juyin mulki a Turkiyya. Mako guda bayan nan aka rufe jami'o'i 15 masu zaman kansu, tamu tana ciki. An mayar da mu jami'ar gwamnati, amma lissafin da Baba ya yi tun farko ya riga ya rushe. Abin da yake turowa, in an canza, ko kuɗin haya ba ya kaiwa. Duk da haka in mun yi waya cewa yake, "Kai dai ka yi karatunka, wannan nawa ne." Ina jin numfashinsa ya canza, in na tambaya ya ce mura ce.

A watan Janairun 2017 Baffana ya kira ni da hantsi. Da na ji ya fara da "Sai haƙuri" na zauna a ƙasa. Ya ce, "Allah Ya yi wa Yaya rasuwa da asuba, yanzu muka dawo daga maƙabarta." An yi masa wanka, an sallace shi, an rufe shi, duk ina barci ko ina shan shayi a wata ƙasa. Kuɗin jirgi babu, in ma na tafi babu tabbacin dawowa. Abokaina 'yan Kano da Zariya suka taru a ɗakina muka yi masa addu'a, washegari kowa ya koma aji.

Abin da ya same ni bayan nan shi ne dalilin wannan rubutu. Ban yi kuka ba, kukan ya ƙi zuwa. Barci ya ƙaurace mini da dare, da rana kuma ba na iya tashi daga katifa. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano. In na buɗe littafi sai in yi ta maimaita layi ɗaya ban san me ya ce ba. Waya tana ringin ina kallonta, ko Umma ce ba na iya ɗagawa, ba don ba na sonta ba, sai don ban san da wane baki zan yi mata magana ba. A waje sanyi ya sauka ƙasa da sifili, sararin sama toka-toka, ni kuma labule a sake. Wani tunani ya riƙa zuwa mini cewa ni na kashe Baba da nauyin karatuna, kuma da babu ni da kowa ya huta. Ina salla, amma a daddafe. Wanda duk ya gan ni sai ya ce, "Ka yi tawakkali mana." Na san gaskiya suke faɗa, ni ma ina faɗa wa kaina, amma jikina ba ya amsawa.

Akwai wani dattijo Baturke da muke haɗuwa a masallacin unguwarmu. Shi ya lura na ɓace, ya tambayi yara har ya gano ɗakina. Ya shigo ya ɗage labule, ya dube ni, bai yi mini wa'azi ko ɗaya ba. Ya ce, "Ɗana, ina neman mai taya ni aiki a kan dutse. Gobe bayan asuba ka sa kaya masu kauri, zan tsaya a ƙofa." Kunya ce ta fitar da ni, don ba zan iya barin sa'an mahaifina a tsaye cikin sanyi ba.

Daga gari zuwa wurin wasan kamar kilomita 25 ne, hanya tana hawa tana lanƙwasa har ka isa Tekir, ɗaya daga ƙofofin shiga huɗu, a tsayin mita 2,200. Can yake da ɗan shago inda ake ba da hayar kayan zamiya ana kuma gyara su. Kowa Usta yake ce masa, kamar yadda ake kiran duk gwanin sana'a a can, ni ma na bi. Aikin farko da ya ba ni shi ne shafa kaki. Ana kifa allon zamiyar, wanda ake kira sinobod, a kan teburi, a ɗora sandar kaki a jikin dutsen guga mai zafi ya riƙa ɗiga a bayan allon, sannan a bi da dutsen gugar a baje shi daga kai zuwa wutsiya, ba a tsayawa wuri ɗaya don kada robar ta ƙone. In ya huce a kankare da marfin roba, farin ɓawon kaki yana zubowa a kan takalmanka, a bi da buroshi har sai bayan allon ya yi sheƙi. Daga nan sai wasa baki. Kowane allo yana da siririn ƙarfe a gefensa biyu, shi ne ke cizon ƙanƙara. Ana ɗaure magagari a jikin wani ma'auni mai digiri 88 ko 89, a ja shi a hankali ta fuska ɗaya. Usta yana gwada kaifin da bayan farcensa, in ya ɗebo ɗan garin farce ya yi, in bai ɗebo ba ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba. Aiki ne da ba ya son tunanin komai sai shi kansa, kuma a lokacin abin da ƙwaƙwalwata take nema ke nan.

A bangon shagon akwai wasu alluna da ba ya ba kowa haya. Sun bambanta da sinobod ɗin da matasa ke tsalle-tsalle da shi, mai faɗi, mai kai biyu iri ɗaya, wanda ake hawa da takalma masu laushi. Waɗannan dogaye ne sirara, ƙugunsu bai wuce santimita 19 ko 20 ba alhali na matasan yana kai 25, kansu ɗaya ne, wutsiyar a yanke take. Na gajeriyar lanƙwasa yana kusan santimita 160, na doguwa yana kai 185. Takalmansu na roba mai tauri ne da maɓallan ƙarfe, ana maƙale su da wani maɗauri na ƙarfe a dunduniya da yatsu, ƙafafu biyun kuma a karkace suke suna kallon gaba, wajen digiri 55 zuwa 60, don kada takalmi ya leƙo gefen allon ya taɓa ƙasa. Wannan shi ne salon Alfain, na tsere da yanka ƙanƙara, wanda ya fi ƙarfi a ƙasashen tsaunukan Alps irin su Ostiriya da Suwizalan da Italiya. Masu yinsa kaɗan ne, kayansa ba a samunsu a kowane shago, allunan manyan 'yan tsere irin na Kessler da Oxess ma ƙananan masana'antu ne a Suwizalan ke yin su. Usta yana da tsoho guda da ya ce ya girme ni da kaɗan.

Wata safiya kafin a buɗe wa jama'a ya jefo mini hular kwano da tabarau da safar hannu ya ce in biyo shi. Ya turo ni ta baya ba zato, ƙafar da na fara jefawa gaba ita ce hagu, ya ce to ita ce ta gaba. Da allo mai laushi na fara, a kan gangaren koyo, kuma na sha ƙasa iya sha. Faɗuwar wannan wasa tana da nata hali: in bakin allon na ɓangaren gangare ya kama ƙanƙara, kafin ka ce kwabo ka daku da ƙasa. Abu na farko da ya koya mini shi ne yadda ake faɗuwa, a dunƙule hannu a sauka a kan damtse, domin karayar wuyan hannu ita ce raunin da ya fi yawa a wurin masu koyo. Da dare na koma ɗaki jikina duk tsami, na ci abinci da yunwa ta gaske, na yi barci har asuba. Rabona da haka tun kafin rasuwar.

Bambancin salon nan da sauran a wurin juyawa yake. Mai koyo yana juyawa ne da jan wutsiyar allo a kaikaice, yana kankare ƙanƙara yana tayar da ƙura. Mai yanka kuwa kafa allon yake a kan bakinsa ɗaya. Gefen allon a ɗan lotse yake ta tsakiya, saboda haka in ka kafa shi ka danna, sai ya tanƙwaru ya ɗauke ka a da'ira da kansa, wutsiya tana bin daidai inda kai ya bi. Wanda ya taɓa kwantar da babur a shataletale ya san yadda abin yake a jiki: gudun ne ke riƙe ka, in ka ji tsoro ka miƙe a tsakiya nan za ka faɗi. Usta yana bina yana ɗaga murya. Gwiwa a durƙushe. Nauyi a ƙafar gaba lokacin shiga lanƙwasa, ya dawo tsakiya lokacin fita. Ƙugu da ƙirji su kalli inda yatsun ƙafa ke kallo. Kafaɗu su daidaita da gangaren, kada ka miƙa hannu neman taɓa ƙasa, in ka yi daidai ita za ta zo ta same ka. Ido a inda za ka, ba a kan allo ba. Kafin ka ratsa hanya ka waiga sama, domin mai yanka yana cin faɗin hanya gaba ɗaya, mai saukowa a miƙe kuma ba ya tsammaninka. Juyawa ta ɓangaren dunduniya ita ta fi ba ni wuya, don jiki yana son ya zauna baya, da ka zauna kuwa allon ya kufce.

A watan Maris na shekarar aka kawo gasar cin kofin duniya ta wannan salo Erjiyes, tseren mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a tutoci ja ɗaya a shuɗi. Muka rufe shago muka tsaya a bakin raga. Ƙarar da bakin allo ke yi a kan ƙanƙara mai tauri ba ta fita a talabijin, sai kana wurin. Wani ɗan Koriya ta Kudu, Lee Sang-ho, ya zo na biyu, wanda aka ce a gonar kabeji da ake mayarwa wurin zamiya da hunturu ya fara koyo. Shekara guda bayan nan ya ci azurfa a Olamfik ta 2018 a ƙasarsu, gasar da Ester Ledecká 'yar Jamhuriyar Cek ta ci zinare biyu a wasanni biyu daban, ɗaya a kan sinobod ɗaya a kan siki, wato sirara biyu da ake sa ɗaya a kowace ƙafa. A hanyar komawa Usta ya ba ni labarin Chris Klug, Ba'amurken da aka yi wa dashen hanta a 2000, ya kuma ci tagulla a Olamfik ta 2002. Sai ya ce, "Shi ma likita ya gani. Kai ma gobe za mu je." Na ce lafiyata ƙalau. Ya ce, "Ɗana, na binne ɗa, na san wannan idon."

Likitan ya yi mini tambayoyi masu yawa, ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani ya ce ba ya aiki nan take, sai an yi makonni, kuma kada in daina da kaina. Ya ce in ci gaba da fita rana da motsa jiki. Ina so 'yan'uwana su ji wannan da kyau: dutsen ya taimake ni, amma ba shi kaɗai ba. Magani ya yi nasa, addu'a ta yi nata, mutumin da ya ƙi barina a ɗaki ya yi nasa. A wurinmu da an ce damuwa sai a ce raunin imani. Annabi Yaƙubu, alaihis salam, baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana da shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki. Wa ya kai su imani?

Sai a hunturun da ya biyo baya Usta ya ciro tsohon dogon allonsa daga bango ya ɗaura mini. Da sassafe ne, katafilar da ke gyara hanya ta gama wucewa ta bar ƙanƙara da ƙananan layuka, babu sawun kowa. Na sauko, na kafa baki, na danna, sai ƙarar kankara ta ɗauke, allon ya ja ni ya zagaya da ni, ya sake ni zuwa ɗaya gefen. Da na hau kujerar waya mai komawa sama na leƙa ƙasa, na ga sawuna, siririn layi ɗaya mai lanƙwasa, babu ɓarna a gefensa. Abin da ya zo mini shi ne Baba yana ɗaga yadi yana duba saƙa a hasken rana, yana cewa aikin kirki ba ya ɓoyuwa. Na so ƙwarai in nuna masa. A kan kujerar nan kukan da ya ƙi zuwa shekara guda ya zo, har tabarau ya yi hazo. Usta yana gefena bai ce komai ba sai da muka kusa sauka, ya ce in ɗaga kan allo. Da yamma na kira Umma na gaya mata duk abin da na shiga. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai na sani. Uwa ba ta buƙatar a gaya mata. Jira nake ka iya faɗa."

Digirin ban ƙarasa shi ba. Kuɗi sun ƙare, ƙannena suna buƙatar mai tsaya musu, rumfar Baba tana neman mutuwa. Na yi istihara, na yi shawara da Baffa, a 2018 na tattaro. Na hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa ina tunanin abin da zan ce wa mutanen unguwa da suka raka ni da kirarin injiniya. An yi maganganu, wasu a gabana. Sun yi mini ciwo, har yau in na tuna filin nan ƙirjina yana nauyi. Daga tasha maƙabarta na fara wucewa kafin gida.

Yanzu ina da ɗan shago a Panteka, muna wasa wuƙaƙen injin niƙa da na kafintoci, muna ƙera ƙananan kayan inji, da yara masu koyo a hannuna. Hannun da ya koyi riƙe magagari a kan digiri 88 shi nake ci da shi. Na ci gaba da ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa har aka sallame ni daga magani, ba na kuma ɓoye wa kowa cewa na je. Na yi aure, Allah Ya ba mu 'ya mace.

Masu zuwa Turkiyya sarin kaya ko karatu sukan tambaye ni ko su gwada hawa dutsen. Ina ce musu su je, abin halitta ne da ya cancanci a gani. Kada su sayi komai, a yi haya. A ɗauki mai koyarwa ko na awa biyu ne, a tsaya a hanyoyi masu alamar kore da shuɗi, ja da baƙi na gwanaye ne. Hular kwano dole ce. A sa kaya hawa-hawa, kada na jikin fata ya zama auduga don tana riƙe gumi ta daskarar da mutum, safa kuma guda ɗaya mai tsayi ta fi biyu. Tabarau ba ado ba ne, hasken rana a kan dusar ƙanƙara yana ƙona ido, baƙar fata ma tana ƙonewa a can sama. A sha ruwa da yawa, iskar wurin busasshiya ce kuma numfashi yana gajarta. A yi alwala tun daga masauki, akwai wuraren salla a ƙasa. Wanda ya iya juyawa sosai yake sha'awar takalma masu tauri, ya nemi wanda zai daidaita masa maɗauri, kada ya ɗaura da ka.

Iyayen da ke da yara a waje kuma, roƙona gare su daban ne. In kun kira, kada tambayar ta tsaya a "ya karatu". Ku tambaye shi me ya ci yau, ƙarfe nawa ya yi barci, yaushe rabonsa da fita, wa yake gani. Yaron da ya daina ɗaga waya ba lallai ne ya lalace ko ya yi girman kai ba. Kwanakin baya wata maƙwabciyarmu ta shigo wurin Umma tana kuka, ɗanta da ke karatu a waje ya yi watanni ba ya amsa kiranta, dangi har sun fara cewa ya bi duniya. Na karɓi lambarsa na tura masa saƙon murya, na ba shi labarina kamar yadda na rubuta shi a nan. Cikin dare ya kira ni. Yanzu yana ganin likitan makarantarsu, ya samu wani babba a masallacinsu da ke leƙa shi, ya kuma fara kiran mahaifiyarsa da kansa duk ranar Juma'a.